Kuɗin kyamara ɗaya, aiki iri biyu: yadda wani mai hoto a Birnin Kebbi ya yanke shawara

Mai hoton da wannan bayani ya shafa matashi ne da ke da ƙaramin shago a Birnin Kebbi, ya yi wasu shekaru da samun 'yanci daga maigidan da ya koya masa sana'a. Abincinsa yana fitowa daga biki da suna da walimar saukar karatu, sai hoton fasfo da ba ya yankewa, sai taron siyasa idan kakarta ta kama. Kayan aikinsa kyamarar Canon 600D ce, ƙirar 2011 mai megafiksel 18, wato ɗigon hoto miliyan 18, da gilasai biyu: 18-55 ɗin da ake sayar da ita da shi, da wani 50 mai buɗe ƙofar haske har f/1.8 (18-55 da 50 tsawon gilashi ne a milimita, lambar f kuwa in ta yi ƙasa ƙofar ta fi faɗi). Kyamarar ta sha jiki, robar marikinta ta fara saɓulewa, amma ba ta taɓa kunyata shi a wurin aiki ba.

Ya daɗe yana zubin adashi, ya kuma haɗa da abin da ya samu a shinkafar rani, duk da niyya ɗaya: ya sayi babbar kyamara marar madubi mai cikakken firam, wato mai babban allon karɓar haske wadda babu madubi tsakanin allon da gilashinta, irin wadda manyan masu hoto na Abuja da Kano suke ratayawa. Kuɗin na gab da cika sai ga wani aiki ya faɗo. Wata ƙungiya da ke aiki da manoman shinkafa da masunta a fadamun Argungu da kewaye tana neman wanda zai bi ma'aikatanta damina guda da farkon rani, yana ɗaukar gonaki da ambaliya da injinan ban-ruwa da kifi da ƙwarin da ke cin shuka. Biya wata-wata ne, abin da mai hoton biki ba ya samu. Sharuɗɗan su ne suka kawo matsala. Kowane hoto sai ya zo da shaidar wurin da aka ɗauke shi, galibin tafiyar a kwalekwale ce ko a ƙafa cikin ruwa, kuma kyamara tasa ce, in ta lalace asararsa ce.

Wani ma'aikacin ƙungiyar ne ya ba shi shawarar ƙaramar kyamarar nan da ruwa ba ya shigarta, Olympus Tough. Da ya ga hotonta a waya dariya ya yi, don girmanta bai wuce tafin hannu ba. Amma da ya zauna ya yi lissafi sai dariyar ta tsaya: in ya saye ta, abin da zai rage ba zai kai ga babbar ba, sai an sake wata shekarar ana tari. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da babbar take sayarwa

Duk kuɗin da ake zubawa a kyamara mai cikakken firam, sensa ake saye, wato allon da ke can ciki yana karɓar haske. Tata milimita 36 ce a kan 24, daidai girman firam ɗin fim ɗin da ake wankewa a da. Ta ƙaramar Olympus kuwa kusan milimita 6 ce a kan 4 da rabi. In aka auna faɗin fili, babbar ta ninka ƙaramar sau talatin ko kusa da haka. A ajiye baho da kofin shayi a tsakar gida. In ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, duk biyun za su cika. In yayyafi ake, bahon zai tara abin da za a yi amfani da shi, kofin kuwa gindinsa kawai zai jiƙe. Haka haske yake wa sensa. Da rana tsaka, ƙarama da babba duk suna samun abin da ya ishe su, kuma mutum zai sha wuya kafin ya bambanta hotunansu a fuskar waya. Bayan magariba, ko cikin ɗakin amarya mai ƙwan lantarki ɗaya, nan ne kowa ke komawa matsayinsa. ISO, wato ma'aunin jin haske da ake ɗagawa idan wuri ya yi duhu, babbar za ta hau shi har 3200 ko 6400 fuska ta fito sumul, ƙaramar kuwa tun daga 800 hoto ya fara yashi-yashi, kalar fata ta dame.

Abu na biyu shi ne dusashewar baya. Amaren yanzu sun san abin da suke so, sun gani a Instagram: fuska tar, lalle tar, duk abin da ke bayanta ya narke. Babbar sensa da gilashi mai faɗin ƙofa ne ke ba da wannan. A jikin Olympus an rubuta f/2, lambar da ke ruɗin mai saye, amma ainihin tsawon gilashinta milimita 4.5 ne zuwa 18, don haka ta fuskar dusar da baya f/2 ɗinta bai wuce kusan f/11 na babbar ba. In ka ɗauki amarya da ita, har bokitin da aka manta a bayan ƙofa zai fito ɓaro-ɓaro.

Na uku, kama ido. 600D wurin saiti tara kawai take da shi, wato ɗigon da take kama abu da su ya fito tar, kuma na tsakiyar ne abin dogaro idan haske ya yi ƙasa. Sababbin marasa madubi su suke neman idon mutum da kansu. Duk wanda ya taɓa komawa gida ya tarar hoton shigowar ango ya kama rawanin wani a baya, fuskar angon ta yi hazo, ya san darajar wannan.

Tsohon maigidansa a nan ya tsaya, kuma bai motsa ba har yau. A ganinsa aikin ƙungiya wata shida ne ya wuce, biki kuwa ba ya ƙarewa, don haka kuɗi ya tafi inda abinci yake. Ya ƙara da wata magana da littafin koyon hoto ba ya faɗa amma gaskiya ce a kasuwarmu: masu biki suna biyan girman kyamara kafin su ga hoto. Ka shiga zauren biki da jar 'yar kyamara a tafin hannu, uwar amarya za ta tambaya ko mai hoton bai iso ba tukuna. Ban ga inda dattijon ya yi kuskure a wannan ba.

Kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali

Manyan kyamarori biyu matashin ya sa wa ido, dukansu na hannu. Sony A7 III, wadda ta fito a 2018 a kan kusan dala 2,000, mai megafiksel 24 da gurbin memori biyu da batir mai juriya. Sai Canon EOS RP ta 2019, wadda ta fito a dala 1,299, mai megafiksel 26, mara nauyi. Farashinsu na hannu ya sauko a dala, amma mu da naira muke saye, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Abin da ya tara, a zahiri, RP kawai zai iya ɗauka, jiki ba gilashi.

Hankalinsa ya kwanta da RP saboda an ce masa da adafta, wato mahaɗin da ake sawa tsakanin gilashi da kyamara, tsofaffin gilasansa za su hau. Gaskiya ne za su hau. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne 18-55 ɗin an ƙera shi ne don ƙaramar sensa irin ta 600D, ba ya iya haska cikakken firam. Da ka ɗaura shi, kyamarar za ta yanke gefe-gefe ta yi aiki da tsakiyar sensa kawai, hoton ya koma kusan megafiksel 10. Wato zai biya kuɗin shekara biyu ya sauko daga 18 zuwa 10, ƙasa ma da 12 ɗin ƙaramar Olympus da yake wa dariya. Gilashin 50 ne kaɗai zai ci moriyar sabuwar sensar, kuma ba a ɗaukar hoton dangi talatin a ƙaramin falo da 50. Dole sai sabon gilashi irin 24-105, shi kuwa kuɗi ne na daban. Batirin RP ma a gwajin masana'anta hoto 250 yake kaiwa, biki ɗaya na iya cin uku, a garin da wuta ba ta da alkawari. Sony ta fi ta ta wannan fuskar nesa ba kusa ba, don nata ya haura 600, amma a can gilasan gaba ɗaya sabo zai fara.

Akwai kuma wani lissafin da ya kamata a yi tun farko. Sensar 600D milimita 22.3 ce a kan 14.9. Cikakken firam ya ninka ta sau biyu da rabi ne da ɗan ɗoriya, ba sau talatin ba. Ci gaba ne na gaske, musamman da yake sensar sabuwa ce, amma daga mai kyau ne zuwa mafi kyau. Ba daga babu ba ne zuwa akwai.

Sai ruwa. Kamfanonin nan suna cewa kyamarorinsu suna jure ƙura da danshi, mutane kuma su ji kamar an ce ruwa ba ya shiga. Ba haka ba ne. Abin da ake nufi yayyafi ne da feshi, kuma su kansu kamfanonin ba sa ɗaukar alhakin abin da ruwa ya yi. Kwalekwale ya karkata ta nutse ko na daƙiƙa biyu, magana ta ƙare. Akwai akwatunan shiga ruwa da kamfanoni irin su Ikelite da Nauticam ke ƙerawa, kowane samfurin kyamara da nasa, amma kuɗinsu yakan kai na kyamarar ko ya wuce, kuma nauyinsu ba na mai tsallaka kunyar shinkafa ba ne. Ko a tudu ma marar madubi tana da nata raunin. Tunda babu madubi a gaba, da ka cire gilashi sensar ce ke kallonka tsirara a yawancinsu, RP da A7 III duk haka suke. Ka canza gilashi sau biyu a cikin hazon hunturu, gobe duk hoton da ke da sararin sama zai fito da ɗige-ɗige.

Ƙaramar, da abin da take iyawa

Olympus ta fitar da samfurin Tough mai suna TG-6 a 2019 a kan kusan dala 450. A farkon 2021 sashen kyamarorin kamfanin ya koma hannun wani sabon kamfani, wanda ya fitar da TG-7 a 2023 da sunan OM System a kan kusan dala 550. Bambancinsu kaɗan ne, mafi amfani a ciki shi ne sabuwar tana caji da USB-C irin na waya. Ricoh ma tana da nata jerin WG, amma Olympus ta fi su buɗe ƙofar haske, kuma tana ajiye ɗanyen hoto na RAW wanda ake iya gyarawa sosai a kwamfuta.

Abin da masana'anta ta yi alkawari: nutso har mita 15, faɗuwa daga mita 2.1, danniyar kilo 100, ƙura ba ta shiga, sanyi har digiri 10 ƙasa da sifili. Wannan na ƙarshen kuɗinsa kawai muke biya, ba mu da inda za mu kai shi. Nauyinta kusan giram 250, jikin A7 III kaɗai kuwa giram 650 ne kafin a ɗaura gilashi. Gilashinta daga 25 ne zuwa 100 a lissafin cikakken firam, kuma yana motsi ne a ciki, ba ya leƙowa waje, don haka babu inda yashi zai maƙale.

Mutum zai ɗauka amfaninta shi ne ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa. A tekun da ruwansa yake garau, haka ne. A Gulbin Kebbi da damina ruwan ja ne, in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka, in ka tsoma kyamara kuwa hoton kunu za ka samu. Amfaninta a nan daban ne. Kyamara ce da za ta kasance a hannu lokacin da babbar take ƙulle a leda uku a ƙasan jaka. Manomi ya tsaya ruwa iya ƙirji yana lalubo kan shinkafarsa da ambaliya ta shanye, ya ɗago damƙi guda yana nuna wa malamin gona. Wannan hoton daƙiƙa biyar ne, kuma ba a samunsa daga kan gaɓa. Sai mai hoto ya shiga ruwan, ya sauke kyamara dab da fuskar ruwa, feshi na dukanta. Wanda ke riƙe da kuɗin shekara biyu a hannu ba zai yi haka ba, kuma ba a ga laifinsa.

Abubuwa biyu kuma suka dace da takardar aikin kamar don ita aka yi su. Tana da GPS a jiki, tana liƙa wa kowane hoto wurin da aka ɗauke shi. RP da A7 III ba su da shi, sai an haɗa su da waya, wayar kuma ta kasance a kunne a kusa, a cikin kwalekwale. Sannan tana iya matsawa har santimita ɗaya kusa da abu ta kama shi tar. Tsutsar da ke huda karan shinkafa, ƙwayayen ƙwari a bayan ganye, gyambo a jikin tarwaɗa, duk tana fito da su yadda masani a ofis zai gane cutar daga hoto. Kafin babbar ta yi wannan sai an saya mata gilashi na musamman.

Rauninta ba ɓoyayye ba ne. Bayan maganar duhu da ta gabata, ba ta da tagar leƙe, sai fuskar baya, kuma a ranar fadama ƙarfe ɗaya mutum kusan da ƙiyasi yake saiti. Ba ta ba ka cikakken iko da hannu, ba ka zaɓar saurin labule kai tsaye, wato tsawon lokacin da haske zai yi yana shiga, abin da ke ɓata wa wanda ya saba da babbar rai. Babu inda ake ɗaura fitilar filasha a kanta. In ka jawo nesa zuwa 100, ƙofar haske ta tsuke zuwa f/4.9. Megafiksel 12 kuma ya ishi rahoto da shafin intanet da bugu har kusan inci 13 a kan 10, amma ba ya barin wurin yanke gefen hoto.

Hujjoji biyu da aka ajiye gefe

Matashin da kansa ya kawo maganar bikin kamun kifi na Argungu, don can ne burinsa yake. Bikin ya samo asali tun 1934, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kuma babu mai hoto a Kebbi da ba ya mafarkin hoton nan na dubban masunta suna rugawa cikin Matan Fada da homa da gora, ko na giwan ruwa a kan sikeli. Yana yaron shago ya je na 2020, ya ga baƙi da dogayen gilasai, abin ya tsaya masa a rai. Amma bikin kwana huɗu ne, kuma kafin na 2020 an yi kusan shekara goma ba a yi ba. Sannan hoton da yake mafarki ba jikin kyamara ke ba da shi ba, dogon gilashi ne irin 70-200, wanda mai kyansa yakan kai kuɗin jikin. Ba a gina sayayyar shekara a kan kwana huɗu, kuma duk ranar da aka buga gangar bikin ana iya neman aron gilashi ko haya.

Ɗaya hujjar daga abokansa ta fito: me zai hana ya sa waya a 'yar jakar leda ta ruwa, ya sayi babbar da kuɗinsa? Shawarar ba ta banza ba ce, don manyan wayoyin yanzu da dare sun fi Olympus fitar da hoto, kuma suna da GPS. Amma tasa wayar ba ta cikin manyan. Ko waɗanda aka ce ruwa ba ya shigarsu, galibi mita ɗaya da rabi ne na rabin awa a ruwa mai tsabta, kuma kamfani ba ya gyara wadda ruwa ya ɓata kyauta. Fuskar waya in ta jiƙe ba ta jin yatsa. Leda kuma tana yin gumi daga ciki, hoto ya yi hazo. Uwa uba, a wayar nan bankinsa yake, da lambobin duk masu ba shi aiki.

Hukuncin

Abin da ya warware lamarin tambaya ce guda da ya yi wa kansa da biro da takarda: wane aiki ne yake yi yanzu amma yana son ya fi haka, wane ne kuma ba ya iya yi sam? Biki yana yi, ana biyansa, ba a taɓa dawo masa da hoto ba. Shiga ruwa ne ba ya iyawa ko kaɗan. Babbar za ta gyara abin da yake da shi, ƙaramar kuma za ta buɗe masa ƙofar da take rufe, a kan kuɗin da bai kai rabi ba.

Ya sayi TG-6 ta hannu. Kafin ya biya ya buɗe ƙofofinta biyu, ta batir da ta caji, ya duba robar da ke zagaye da su a hasken rana ko ta tsage ko ta bushe, sannan ya nemi mai sayarwa ya yarda a tsoma ta a bokiti a gabansa. Duk mai sayen irin wannan ta hannu da bai yi haka ba, sunan kawai ya saya. Ya ƙara batir biyu da igiyar hannu mai tasowa saman ruwa, don kyamarar ruwa ba ya shigarta amma ba ta iyo, in ta suɓuce a gulbi ta tafi ke nan. Daga abin da ya rage ya sayi fitilar filasha ta kamfanin Godox da lemar da ke baza haskenta da sandarta don 600D, sauran ya mayar asusu.

Wannan fitilar, a ganina, ita ce rabin hikimar shawarar. Matsalar tsohuwar kyamararsa a biki ƙarancin haske ce. Hanya ɗaya ita ce a sayi sensar da ke jure duhu, ɗaya kuma a kawo hasken. Da fitila a gefe tana bugun lema, 600D tana zama a ISO 400 inda hotonta yake da tsabta, kayan amarya su fito da kalarsu.

Abin da ya biyo baya

A fadama kyamarar ta yi abin da aka saye ta dominsa. Ta sha ruwan sama, ta faɗa taɓo, an taka ta a cikin kwalekwale. Wani amfanin da ba a lissafa ba ya fito daga wajen mutane: in ya nemi izini ya ɗaga ƙaramar, manoma da mata masu gyaran kifi sukan ci gaba da aikinsu, alhali babbar kyamara tana sa kowa ya miƙe ya gyara hula ya ƙame. Ƙungiyar kuwa hoton aiki take so, ba na tsayuwa ba.

Ta kuma koya masa hidimarta. Ruwan gulbi yana barin laka a bakin ƙofofi, in ta bushe aka buɗe sai ta zube kan robar, kuma ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ya isa ya ba ruwa hanya. Don haka kullum ya dawo sai ya jiƙa ta a ruwa mai kyau kamar minti goma, ya goge, ya bari ta bushe kafin ya taɓa makulli. Ɗigon ruwa ɗaya a gilashin gaba yana ɓata hoto goma kafin a lura, musamman da fuskar ba ta ganuwa a rana, sai ya saba da hure gilashin kafin kowane ɗauka. Akwai kuma ɗan makunnin LOG da ke sa GPS ya ci gaba da rubuta hanya ko kyamarar na kashe. Ya bar shi a kunne wani dare, da safe ya tarar batir ya yi ƙasa sosai. Wani abin da ba na kyamara ba: ita ruwa ba ya shigarta, amma mai riƙe da ita fata gare shi, kuma ruwan fadama ba ya rasa tsargiya. Dogon takalmin roba ya shiga cikin kayan aiki.

Asarar ma ta zo inda aka zata. Masunta da asuba suke fita, da almuru suke dawowa, lokacin da haske ya fi kyau ga ido ya kuma fi ƙaranci ga ƙaramar sensa. Hotunan da ya ɗauka a waɗannan lokutan sun isa shaida a rahoto, amma ba waɗanda zai buga ya rataya a shago ba ne, ruwan ya dame, fuskoki sun yi yashi. Tsuntsayen da ke sauka a shinkafa daga nesa ɗigo-ɗigo suka fito. A gari kuma wani babban biki ya kuɓuce masa, masu shi suka ɗauko mai hoto daga Sakkwato saboda suna son bidiyon dare da tsohuwar kyamararsa ba za ta iya ba, kuma fitilar filasha ba ta taimakon bidiyo. Da maigidansa ya ji, bai ce komai ba, kallonsa kawai ya yi.

Da a ce ba shi da 600D tun farko, da shawarar ta juye gaba ɗaya. Wanda hoto ne abincinsa ba zai riƙe Olympus Tough a matsayin kyamararsa tilo ba, sai ya sayi babbar, ko ma matsakaiciya, ya haƙura da aikin ruwan. Haka nan da aikin ƙungiyar na kwana uku ne, da aro ya fi. Abin da ya sa ƙaramar ta yi nasara a nan haɗuwar abu uku ne: akwai tsohuwar da ke riƙe da biki, aikin ruwan mai tsawo ne kuma ana biya, sannan kuɗin da ke hannu jikin babbar kawai zai saya.

Yanzu ya koma tari, amma lissafin ya canza. Ya fasa RP saboda gurbin memorinta ɗaya ne, kuma ya ga abokin sana'ar da memori ya mutu masa da hotunan ɗaurin aure a ciki. Yana duba A7 III ko Nikon Z5 ta 2020, wadda ita ma gurbi biyu gare ta, kuma ya ce ba zai taɓa kuɗin ba sai sun kai jiki da gilashi da batir biyu a lokaci guda.